Ƙungiyar mutum bakwai ba ta ɗora yaƙi a dandamali

Ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo a Kaduna, na makarantu da na unguwa, da zarar sun ce wasan tarihi sai su nufi fagen fama. Mutum bakwai, takubban katako huɗu, a ce ga rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ga ta Nasara a Burmi, 1903. Yaran da ke zaune a gaba su ne farkon fashewa da dariya, kuma da gaskiyarsu.

Ni dai a ganina, wasan yana cikin zauren fada. Bayan faɗuwar Sakkwato a Maris na 1903, Attahiru ya zaɓi hijira gabas, Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu don jama'ar da ta rage. Kowa da hujjarsa ta addini. Ku ɗauki wannan saɓanin: sarki, waziri, malami ɗaya, dogari, jakadiya, sai ɗan aike da zai shigo da ƙura a jiki ya faɗi abin da ya gani. Yaƙin ya tsaya a bakinsa da bugun tambari daga bayan labule. Mutum shida ke nan, na bakwai ya riƙe takarda yana tuna wa wanda ya manta layinsa. Fitowa uku, minti 25 zuwa 30. Ku auna da agogo a gwaji, domin kirari da gaisuwar fada suna cin lokaci fiye da yadda takarda ke nunawa.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne sutura. Shadda mai aikin keke, agogon hannu, silifas na roba. Ku nemi saƙi ko farin yadi mara ƙyalli. Rawani kuwa, idan mutum ɗaya zai fito a matsayi biyu, a naɗa shi tun da wuri a kan hula a ɗinke, don naɗi a bayan fage yakan bar dandamali babu kowa har 'yan kallo su fara hira. Kada a yi wa dogari kunne biyu, kada a busa wa waziri kakaki. A cikin 'yan kallo akwai dattijon Zariya da ya san fada, zai gani. Haka harshe: bafaden 1903 ba ya cewa "minti biyar", yana cewa kafin la'asar.

Kafin rubutu, wani ya je Gidan Arewa ko Taskar Tarihi ta Ƙasa, duka suna nan cikin gari, ya tabbatar da sunaye da sarautu.

Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba ya haɗiye muryar jakadiya. Mafi sauƙi ma a fara bayan la'asar a tashi kafin kiran magariba, rana ta yi aikin fitila.