Guduma a hannunsa, ƙusa a nawa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wata maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta tarar da maigidana a durƙushe a ƙofar kicin yana feraye kabewa, ni kuma ina kan kujera 'yar tsugunno ina gyaran alayyafo da yakuwa. Miyar taushe za mu yi. Ta gaishe shi da ladabi, ta karɓi abin da ta zo nema, amma da na rako ta zaure sai ta kamo hannuna ta rage murya ta ce, "Maman yara, ki ji tsoron Allah ki bar bawan Allahn nan ya huta. Namiji da firar kabewa?"

Ban ji haushinta ba, don na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma da a shekarun baya ne ni ma abin da zan faɗa wa wata ke nan. Amma maganar ta kwana a raina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekararmu 13 da aure. Biyar ɗin farko duk wanda ya leƙo gidanmu zai ce ga masu zaman lafiya. Babu zagi, babu duka, ban taɓa yin yaji ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Ya fita da safe, ya dawo la'asar, ya yi wanka ya tafi majalisa, sai bayan isha'i. In kawo abinci, ya ci, ya ce sannu da aiki, in ce sannu da dawowa. Hirarmu ba ta wuce kuɗin cefane, kuɗin makaranta, wane ya rasu, wance ta haihu. Kuma wallahi na ɗauka auren ke nan, domin ranar da aka kai ni abin da iyaye mata suka nanata mini bai wuce haƙuri da biyayya ba, yi na yi, bari na bari. Nasiha ce mai kyau, har gobe ina amfani da ita. Sai dai babu wadda ta gaya mini me mutum biyu za su riƙa yi da junansu a ranar Talata ta yau da kullum, ranar da babu biki, babu suna, babu rigima, sai su da katangar gida.

Yoyon rufi ne ya buɗe mana baki. Cikin watan Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin yara ya fara zuba daidai kan katifa. Muka kira wani kafinta, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya ce gobe, goben da ba ta zo ba har sati biyu. Ran nan maigida ya gaji, ya aro tsani a maƙwabta, ya sayo ƙusar kwano mai hula da ledar kwalta da ake liƙe huji da ita, ya ce in zo in riƙe masa tsani. Na tsaya a ƙasa, ƙafata ɗaya a kan matakalar farko, ƙusoshi a cikin kwanon sha a hannuna, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Ashe tsofaffin ƙusoshin ne suka yi tsatsa suka saki, iska na ɗaga kwanon ruwa na bi ta ƙasa.

Yana bugu yana ba ni labarin yadda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yake tara su kafin damina a kwaɓa ƙasa a yi wa soro yaɓe, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a shafe bango don kada ruwa ya ci shi, a gyara indararo. Ya ce shi ne mai ɗauko ruwa da tulu, kuma ranar da ya fasa tulun bai kwana a gida ba don tsoro, a ɗakin kakarsa ya ɓuya. Shekara biyar ina zaune da mutumin nan ban taɓa jin wannan labarin ba. Ni ma na ba shi na kakata da ƙawayenta idan sun taru daɓen ɗakin amarya, madaɓi a hannu, waƙa a baki. Awa biyu muka yi, kuma abin da muka faɗa wa juna a ƙarƙashin tsanin nan ya fi na wata guda.

Abin da na gane tun daga ranar shi ne, mu Hausawa ba mu saba da a zauna a fuskanci juna a ce "zo mu yi hira" ba. Kunya ba ta barinmu. Amma idan hannu yana aiki, ido yana kan ƙusa ko kan tukunya, baki da kansa yake buɗewa. Kakanninmu sun san haka. Ranar shuka miji ne a gaba da sungumi yana sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Don haka masu cewa aikin miji da mata tare kwaikwayon Turawa ne, su koma ƙauye su tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a Ingila aka yi karin maganar ba.

Bayan rufin muka sa ragar sauro a tagogi, muka kafa kanta a kicin, muka shafa wa falo fenti kafin Babbar Sallah, muka dasa zogale biyu a bayan rijiya da tattasai a cikin tsofaffin buhuna. Kantar farko ta karkace, har yau tana nan a karkacenta tana ɗauke da tukwane.

Sai maganar sana'ar hannu, wadda a kanta nake so in ɗan daɗe. Ni ina ɗinkin hula, ina kuma saƙar kwarashi, hulunan jarirai da safa da rigar sanyi, waɗanda kasuwarsu ke tashi idan hunturu ya shigo. Wanda bai taɓa ɗinka hula ba ba zai san wahalarta ba. Hula ɗaya mai cikakken aiki tana cin makonni, kina sunkuye, allura na shiga tana fita a rami ɗaya bayan ɗaya, har wuya ya ƙage, ido ya riƙa yaji. A da ni kaɗai nake fama, in aiki yaro sayen zare ya kawo wanda bai dace ba. Yanzu maigida ne ke biyawa Kasuwar Kurmi ya zaɓo mini zare, ya san wanda ke zuba idan an wanke da wanda ba ya zuba, shi ke kai wa masu wankin hula su wanke su sa sitati su buga, shi ke nuna wa abokan aikinsa. Da dare ina ɗinki yana warware mini zare yana naɗewa, yara na karatun allo a gefe.

Kuma bai taɓa tambayata nawa na samu ba, balle ya ce tunda kina da sana'a ki ji da kayan miya. A nan ne nake da ƙorafi a kan maza da yawa, kuma zan faɗa ko da ba za a ji daɗi ba. Mata nawa muka sani da suka fara 'yar sana'a, ƙosai ko ɗinki ko turaren wuta, miji na ganin kuɗi ya fara shigowa sai ya janye hannu? Yau ya bar mata sabulu, gobe manja, jibi kuɗin littafin yara, kafin shekara jarin ya narke a tukunya. Ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji Musulunci ya ɗora su, dukiyar mace kuwa tata ce, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Ni ina bayarwa, na sha sayen buhun gawayi da kuɗin hula, na sha cika kuɗin makaranta idan albashi ya makara, amma don na ga dama ne, kuma don na ga wanda nake taimaka wa shi ma yana naɗe mini zare. Taimakon da aka ƙwata da wayo ba ya haifar da komai sai ƙullaci.

Girki kuwa, Asabar da safe ɗan wake ne a gidanmu, kuma shi ke saki. Ni nake haɗa garin wake da na rogo da kuka, in jiƙa kanwa in tace, shi ya tsaya a kan tukunya yana tsinka ƙullin cikin tafasasshen ruwa, yana jira su taso sama. Ranar farko da ya haɗa da kansa kanwa ta yi yawa, ɗan waken ya yi duhu ya yi bauri. Na zuba mai da yaji na ci, na ce gobe a rage kanwa kaɗan. 'Yan'uwana mata, a nan mu ma muna da laifi. Namiji zai cije ya shiga kicin sau ɗaya, sai ki yi masa dariya, ko ki ɗauki waya ki ba ƙawarki labari, ko ki ƙwace ludayin ki ce bar shi kawai kada ka ɓata mini. Kin rufe ƙofar da hannunki, ba zai sake ba.

Masu cewa mijin-ta-ce ne, ko an shanye shi, ina so su saurara. An tambayi Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, me Manzon Allah (SAW) yake yi a cikin gida. Ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Wannan yana cikin Bukhari. A wata ruwayar ta ce yana ɗinke tufafinsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Wane namiji ne a cikinmu ya kai shi daraja da zai ce riƙe wuƙar kabewa ya zubar masa da girma?

Gudu ne abin da ya fi jawo mana surutu. Bayan haihuwata ta huɗu likita ya ce jinina ya hau, ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da ɗanɗano, in riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar, gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Na ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Gaskiya ne da can, lokacin da ake daka da surfe da jan ruwa da guga. Yanzu inji ke niƙa, mai ruwa ke kawowa, mu kuwa muna zaune a kan tabarma da waya.

Maigida ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba. Ya sayo mana kambas, ni na sa dogon wando da riga mai faɗi da hijabi, bayan ya dawo daga masallacin asuba muka fara fita filin makarantar firamare da ke bayan layinmu. Satin farko tafiya kawai nake yi, ina haki, shi yana rage sauri yana jira na. Bayan wata biyu na fara sassarfa, zagaye ɗaya gudu, ɗaya tafiya. Idan ƙurar hunturu ta yi yawa mu tsaya a tsakar gida mu yi tsallen igiya. Da azumi mu bar gudun, mu yi tattaki bayan tarawihi. Maganina ban daina sha ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina nasa sai da izinin likita, amma barcina ya gyaru, kuma yanzu ina hawa bene ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

Labari ya kai kunnen Hajiya, mahaifiyarsa. Ta aiko muka je, muka durƙusa muka gaishe ta. Ta dube shi ta ce, "Kai yanzu da girmanka, ka ɗauki matar aure kuna tsere a fili? Wa ke korarku?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, a gafarce ni, likita ne ya ce ta yi, ni kuma ba zan bar ta ta fita ita kaɗai ba." Sannan a hankali ya karanto mata hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta ƙara jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce, "To, Allah ya ba da lafiya. Amma ku riƙa dawowa kafin gari ya gama wayewa." Muka ce to, kuma har yau a kan sharaɗinta muke.

Na san ba kowane gida ne zai iya irin namu ba. Mai tuƙa adaidaita sahu da ke fita ƙarfe shida ya dawo goman dare, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, ba zan ce masa ya zo ya saki ɗan wake ba. Mai mata biyu ko uku kuma sai ya lura da adalci, abin da ya yi a wannan ɗaki ya yi a wancan. Wadda ke gidan yawa da surukai da faccaloli ba ta da sakewar da nake da ita. Amma wanda ke da awa uku na zaman majalisa kullum ana musun ƙwallon Ingila, ba zan yarda ya ce ba shi da rabin awa na gyara ƙofar banɗakin da ta shekara tana reto ba.

Maƙwabciyata ta dawo da rariyar da yamma, na zuba mata miyar taushen a kwano ta tafi da ita. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu akurkin kaji za mu haɗa. Katakon yana jingine a zaure, raga ce ba mu saya ba tukuna, don har yanzu ba mu daidaita ba, shi yana so a kafa a gindin zogale saboda inuwa, ni kuma na ce bayan kicin, kada su tone mini tattasai.