Babin da malamin bayoloji yake tsallakewa

Muna aji biyu na babbar sakandare, malamin bayoloji ya shafe mako biyu yana koya mana yadda ƙudan zuma ke kwasar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Kwaɗo ma ya samu ranarsa. Amma ranar da aka iso kan haihuwar ɗan Adam, sai ya zana wani abu a allo mai kama da kan rago da ƙahoninsa, ya ce wannan ce mahaifa, ya dubi agogo, ya ce, "Sauran ku karanta a littafi, yana fitowa a WAEC." Samarin bayan aji suka fashe da dariya, 'yan mata suka sunkuyar da kai. Shi ke nan darasin.

Abin da har yau yake ba ni mamaki, da yammacin ranar nan muna Islamiyya, Malam yana karanta mana Ahalari, babin haila da nifasi da abin da ke wajabta wanka. Dalla-dalla yake fassarawa, babu wanda ya ko murmusa. Yara ɗaya ne fa, gari ɗaya. To ina kunyar ta fito?

Ba daga addini ba dai. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) ko mace za ta yi wanka idan ta yi mafarki, kuma ya amsa mata. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Na san inda tsoron yake. Da an ce "ilimin jima'i" sai iyaye su ji kamar za a buɗe wa yara ido. A Nuwamban 2022 ma ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, NERDC, ta cire shi daga manhajar karatun matakin farko, ya ce aikin iyaye ne da malaman addini. Ban ga laifinsa ba game da 'yan firamare. Sai dai a gaya mini, uba nawa ne a unguwarmu ya taɓa zaunar da ɗansa kan wannan? Kuma babin bayoloji na babbar sakandare ba batsa ba ne, sanin jiki ne.

Dubi abin da ake asara. A wannan babin da babin gadon halitta ne yaro zai koyi cewa ƙwan mace kullum ƙwayar gado X yake ɗauke da ita, maniyyin namiji ne ke zuwa da X (a haifi mace) ko Y (a haifi namiji). Ke nan mutumin da ke yi wa matarsa gori don tana haifo mata, daga jikinsa abin ya fito. Nan ne za a gane cewa idan AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa amma ba ya ciwon, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Kowane ciki, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu ba, domin akwai gidan da uku suka zo da ita a jere. Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, amma ana miƙa wa saurayi takarda bai san me AS ke nufi ba. Yoyon fitsarin da ke kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina kuwa, yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi, ba sammu ba.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Saurayi ɗan bautar ƙasa a gaban 'yan mata sittin, kalma ɗaya ta kuɓuce masa gobe uban wata yana ofishin firinsifal. Mafita ba ta da tsada: a raba ajin na mako ɗaya, malama ta ɗauki mata, malami ya ɗauki maza.

Makon jiya na tambayi 'yata ko sun yi babin. Ta ce, "Baba, malam ya ce mu duba a waya."