Matsoraci Ba Ya Zama Gwani

Jiya da la'asar raina ya ɓaci a shagon wani mai haɗa sola a unguwarmu. Wani dattijo ya kawo ɗansa, saurayi mai digiri wanda ya gama bautar ƙasa tun bara, yana roƙon a karɓe shi koyon aiki. Maigidan shagon ya amince, kyauta, har da kuɗin abincin rana. Sai yaron ya dubi tsanin da ke jingine da bango, ya dubi yaran shagon suna jan waya hannuwansu baƙi ƙirin, ya ce: "Baba, a kan rufi fa ake aikin nan. In abokaina suka gan ni fa?" Dattijon bai ce uffan ba, ya gyara zaman hularsa ya kama hanya.

'Yan uwana matasa, wannan "in aka gan ni fa" ita ce ta cinye mu. Tsoro ne tsagwaronsa, mun yi masa ado muna kiransa aji. Wani ya faɗi JAMB sau ɗaya ya rantse ba zai sake zama ba, wai kada ya haɗu da ƙannensa a ɗakin jarrabawa. Wata ta iya girki har maƙwabta na santi, amma ta kasa fara sayarwa, kada ƙawaye su ce mai tallar abinci. Wani an yi masa tayin aiki a Legas ya ce ba ya jin Yarbanci. Wallahi abin da ciwo! Da rashin tayi akan bar araha, mu kuwa an taya mana mun tsere.

Su wane ne ma waɗannan mutanen da kake tsoron bakinsu? Waɗanda kuke zaune a benci ɗaya tun hantsi, ana gardamar Arsenal da Barcelona har a kira magariba? Ranar da mahaifiyarka ta kwanta asibiti, ka ga wanda zai ciro ko sisi a cikinsu. Abin da ya fi ba ni takaici, mai jin kunyar hawa tsani ba ya jin kunyar tura saƙon "yallaɓai a taimaka da na data". Ba ya jin tsoron zuba kuɗin da ya ranto a cacar ƙwallo ta waya, ba ya tsoron hayaƙin shisha a ƙirjinsa. Nan zuciyarsa ta dake. Sai an zo wajen halal gabansa ke faɗuwa, alhali faɗuwar gaba asarar namiji.

Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa. Shi ne kuma ya koya mana cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Wane digiri ne ya ɗaga ka sama da wannan?

Kakanninmu fatake da ƙafa suke zuwa Gwanja sayen goro, watanni a hanya, jakuna a gaba, 'yan fashi a daji, ga koguna babu gada. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, ta wannan hanyar ya bi yana saurayi har ya dangana da Ankara ta ƙasar Gana, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, wato Legas. A 1929 da aka buɗe banki a Kano, da raƙuma 20 aka kai masa kuɗinsa ajiya. Kowa na son ba da labarin raƙuman, ba mai son tuna kaushin ƙafar. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu ga mu nan muna rarrafen.

Na san ƙasa ta yi zafi, aiki ya yi wuya, jari ya gagara. Ban hana ka jin tsoro ba, kowa na ji. Ka tashi da tsoron naka ka je, ka yi kuskure a yi maka faɗa, gobe ka koma. Girman kai rawanin tsiya ne.

A da, uba kan kama hannun ɗansa ya kai shi wajen maƙeri ko tela ko magini, ya ce "ga amana nan", yaro kuma bai isa ya ɗaga ido ba. Yanzu wasu iyayen ma su ne ke cewa "ɗana ya fi ƙarfin wannan". Ku zaga inda ake manyan gine-gine a Kano da Kaduna da Abuja, ku tambayi masu shimfiɗa tayil da masu yin silin daga ina suka zo. Da yawansu samarin Togo ne da Benin, sa'o'inku, sun baro iyayensu sun ƙetare iyaka ba su jin Hausa ko ta sayen ruwa, suna kwana a kango a kan kwali. Su ke karɓar kuɗin aikin a cikin unguwarku, a gaban bencin da kuke zaune.