Abin da na gani a falon maƙwabciyata a Landan

Ranar Lahadi maƙwabciyata Baturiya ta gayyace ni shan shayi ni da 'yata. Falo ne ɗan ƙarami mai kafet mai laushi, kare kwance kusa da hita, ana ta yayyafi a waje. Kakar gidan da bargo a cinya, maigidan da ɗansu saurayi, duk a kan doguwar kujera ɗaya. Aka kunna fim a kan jirgin ruwan Ingila mai suna Bounty, wanda ma'aikatansa suka yi wa kyaftin ɗinsu William Bligh tawaye a 1789.

Da farko na ji daɗin kallon, ga guguwa, ga maza na hawan igiya. Sai jirgin ya isa tsibirin Tahiti. 'Yan matan garin suka fito ƙirji a buɗe, kyamara na bin su, can kuma ga wani da wata cikin ruwa suna abin da bakina ba zai faɗa ba. Na rasa inda zan sa idona. Tsohuwar nan ko gezau, tana tsoma biskit a shayi.

Da aka gama na yi magana. Maigidan ya ce ai tarihi ne, haka mutanen suke shiga a lokacin. To, in tarihi ake so, a faɗe shi duka. An tura jirgin ne ya kwaso dashen wani ice don a ciyar da bayi da araha a tsibiran Karibiyan. Wata biyar suka yi a Tahiti. Matan da 'yan tawayen suka kai tsibirin Pitcairn a 1790, da yawansu yaudararsu aka yi, aka tashi jirgi suna ciki. Wannan ake yi wa kiɗa mai taushi a kira shi soyayya. Kuma me ya sa kullum jikin matan wasu ne ake buɗewa da sunan tarihi?

Ban ce mutanen nan ba su da tsari ba. Fim ɗin da ba na ƙananan yara ba da lambarsa ta shekarun mai kallo, 12, 15 ko 18, talabijin kuma ba ya nuna irin wannan sai bayan ƙarfe 9 na dare. Na kuma san abin da yaranmu ke kallo a waya a Zariya, daga Samaru har Ƙofar Doka. Amma namu ɓoyewa yake yi, don ya san abin kunya ne. A gidanmu na Tudun Wada, ko fim ɗin Indiya ne, jarumi ya matso kusa da jaruma, za ka ga Yaya ya tashi wai zai sha ruwa. Ba wanda ya ba mu lamba. Kuma da zance a zaure, ƙanwa na leƙe, iyayenmu suka yi auren da ya kai shekara 40.

Abin da ya hana ni barci shi ne 'yata. Shekararta 15, tana zaune kusa da namiji babba, ba ta ko sunkuyar da kai ba. A hanya ta ce min da Turanci, "Mama, fim ne fa." Ni da har yau ba na iya kiran sunanta gaban Hajiya saboda 'yar fari ce.

Jiya na kira Hajiya na ce ta gyara ɗakin baya. Dogon hutun nan a Zariya 'yata za ta yi shi, ko da bashi zan ci na tikiti.