Bindigar da ke bayan ƙofa

Tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari, bindiga ta shiga gidajen da a da ko gora ba a ajiyewa. Maharba na da ita, 'yan sa-kai na da ita, manomi ma ya je wajen maƙeri an ƙera masa harba-ka-ruga. Amma ban ji mai maganar inda ake ajiye ta ba, alhali abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya sa hannu a kai.

Ku leƙa ɗakin maigida a ƙauye. Tana jingine bayan ƙofa, kuma a ɗure, don ɗurin bindigar toka na cin lokaci, ba wanda zai tsaya yin sa ɓarayi na bakin gari. Albarushi na cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, kusa da kaskon wuta lokacin hunturu. Yara kuwa shiga suke suna fita, kuma yaron da ya ga yadda babansa ke ɗana ta sau ɗaya ya riga ya haddace.

Za a ce wannan ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Gaskiya ne, dokar makamai ta 1959 ta bar lasisi a hannun shugaban ƙasa da Sufeto Janar, bindigar ɗuri kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda. To amma kwamishina bai san ɗakin kowa ba. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, sarkin baka ma ya fi su sani.

Ciyaman zai iya kiran waɗannan, ya sa masu walda na garin su ƙera akwatunan ƙarfe masu kwaɗo, a raba ta hannun sarkin baka, harsashi da albarushi a kulle su daban. A ɗauko tsofaffin sojoji, ga su nan zaune a kowace gunduma, su koya wa matasa kada a juya bakin bindiga wajen mutum ko da wasa, kada yatsa ya hau kunama sai za a harba. Limamai su tuna wa jama'a cewa Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami. A kuma hana harbin murna a wajen biki.

Kuɗi? Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko bai iso duka ba, abin da ake kashewa kan baburan rabon siyasa ya isa akwatunan gunduma guda.