In kana sauri, ga tasha can

Shekaranjiya Litinin a filin jirgi wani yaro ma'aikacin kamfanin jirgin sama da ko ɗana na biyu bai kai ba ya dubi tsabar idona, a gaban mahaifiyata, ya ce in ina sauri in tafi tasha. Har yanzu in na tuna sai in ji abin ya taso mini ya tsaya a maƙogwaro.

Hajiya na da ganin likitan zuciya a Abuja ranar Talata da safe. Wata biyu muka yi muna jiran wannan rana. Shekarunta sun haura 70, ƙafa ta kumbura, ba mai hankalin da zai ɗora ta a mota ta wuni ana jijjiga ta a ramukan hanya. Sai na daure na yanki tikiti biyu a wajen kamfanin nan da ke tallan kansa a matsayin mai sauƙi, na talaka. Naira 138,000 kowane mutum ɗaya, zuwa kawai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne, ke nan ma'aikaci zai yi aikin wata biyu cur kafin ya samu kujerar da zai zauna ta awa ɗaya, gwiwarsa na tokare da bayan na gabansa. Wannan shi ne sauƙin. Kaya kuma an ƙayyade maka kilo, in ɗan kilishin tsarabarka ya sa sikeli ya gota, sai ka biya kuɗin da ya fi na kilishin.

Tikiti ya ce ƙarfe 11:40. Daren Lahadi saƙo ya shigo, an mayar 2:15. Na ce ba komai, ai mun saba. Tun sha biyu da rabi muna filin jirgi. Wanda ya san filin garinmu ba sai na kwatanta masa ba: zaure ɗaya, kujerun ƙarfe masu gasa ɗuwawu, na'urar sanyaya ɗaki da ke rataye don ado, fanka biyu ɗaya na juyawa ɗaya ta yi ritaya, banɗaki ba ruwa sai buta guda da ake bin layi a kanta. Tun daga ƙofa ana ce maka "Alhaji, yaranka na nan," har ka isa ciki aljihunka ya yi sauƙi. Jirgi ɗaya tak ke zuwa a rana. In ya zo, ka gode wa Allah. In bai zo ba, ka koma gida ka gode wa Allah.

Biyu da kwata ta yi ta wuce. Uku ta yi. Ba sanarwa, ba ko tari a lasifika. Hajiya ta yi azahar a zaune, ta yi la'asar a zaune, maganin da za ta sha bayan ta ci abinci yana jaka, abincin kuma babu, sai biskit da ruwan roba da ake sayarwa ninki uku na kuɗin gari. Da huɗu ta gota na tashi na nufi teburin kamfanin.

Yaron na zaune, rigar kamfani a jikinsa, katin shaida na lilo a wuya, cingam a baki, ido a kan waya. Na yi sallama. Shiru. Na sake yi. Ya ɗaga yatsa ɗaya, wato in jira, bai ko ɗago kai ba. Na leƙa, wallahi bidiyo yake kallo, har yana murmushi. Na tsaya kamar mai neman taimako a ƙofar gidan ɗan majalisa. Da bidiyon ya ƙare ya ce, "Eh?"

Na ce, "Samari, don Allah jirgin nan na Abuja, ina labarinsa?"

Ya ce, "Yana zuwa."

Na ce, "Ya taso?"

Ya ce, "Na ce maka yana zuwa."

Na ce, "Na ji. Amma daga ina zai taso, kuma ƙarfe nawa? Ina tare da tsohuwa marar lafiya, ga ta can. In ba zai zo ba ku faɗa mana, in san dabarar da zan yi."

Sai ya juya cingam ɗin daga wannan kunci zuwa wancan, ya jefo mini kalmomin Turancin nan guda biyu da suka haddace kamar Fatiha, waɗanda in ka fassara su ma'anarsu ita ce dalilan aiki. Na ce wane aiki? Ya ce hazo. Na waiga ta taga. Jama'a, sararin sama tangaran, kana hango tsaunin da ke bayan gari har da shanun da ke kiwo a gindinsa. Na ce, "Hazon a ina yake?" Ya ce ni ba matuƙin jirgi ba ne, ba zan gane ba. Gaskiya ne, ban karanci tuƙin jirgi ba, amma Allah ya ba ni ido biyu, kuma na girma a ƙasar da ake hunturu tun kafin a ɗaura auren iyayensa.

Na danne zuciyata na ce, "To ina shugabanku, in yi magana da shi."

Ya ce, "Ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

A nan ne ya ajiye wayar a hankali, ya jingina da kujera, ya ƙare mini kallo daga hula zuwa takalmi, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya ce: "Alhaji, ka dame ni fa. Jirgin nan ba kai kaɗai ka biya ba. In kana sauri, ga tasha can, Sharon na lodi."

Yarinyar da ke gefensa ta ƙyalƙyale da dariya ta rufe baki da takarda.

Sharon na lodi. Madalla da wannan shawara, Allah ya ƙara basira. Ni da na haifi kamarsa ban san hanyar tasha ba sai da ya nuna mini. Ashe wauta ce ta sa na zuba naira 276,000 a asusunsu, alhali ga mota can a kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. Ashe son a gan ni a jirgi ne ya kawo ni. Kai yaro, ka san abin da ya sa muke tsaye gabanka muna haɗiye wulaƙanci, kuma sanin da ka yi ne ya ba ka bakin faɗar abin da ka faɗa. Ka san hanyar. Ka san wuraren da direba ke kashe rediyo, mota ta yi tsit, kowa ya kama salati har a wuce. Ka san gidaje nawa a garin nan suka sayar da gona da shanu suka kai kuɗin fansa daji. Da hanya lafiya take, wa zai zo ya roƙe ka labarin jirgi?

Ban mare shi ba. Ba don ban so ba. Na tuna cewa a ƙasar nan in talaka ya ɗaga murya a filin jirgi, shi ne mai laifi, kafin ka ce kwabo an ɗauke shi a waya an watsa, an sa sunansa cikin waɗanda aka hana shiga jirgi. A watan Agustan 2025 kowa ya ga yadda aka yi: mawaƙin da ya tsaya a gaban jirgi a Abuja ya hana shi tashi, ƙarshenta cewa aka yi za a mai da shi jakadan wayar da kai kan tsaron filayen jirgi, matar da ta yi rigima da ma'aikatan jirgi a Legas kuwa sai da ta kwana a gidan yarin Kirikiri kafin a sako ta. Ni ba mawaƙi ba ne. Na koma na zauna kusa da Hajiya, ta ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce yana zuwa.

Wajen biyar saura sai ga ƙarar jirgi. Zaure ya ruɗe, kowa ya miƙe ya rungumi jaka. Ashe ɗan ƙaramin farin jirgin nan ne na manya. Ya ratsa hazon da ya gagari namu ya sauka lafiya lau, motoci masu baƙin gilashi suka shiga har gindinsa, jiniya ta tashi, aka kwashi mai girma aka yi gaba. Hazon garinmu ma ya san manya.

Ƙarfe shida saura kwata lasifikar da na ɗauka ta mutu ta farfaɗo. An soke tafiya. Dalili, rana ta kusa faɗuwa, filinmu kuwa ba a sauka ko tashi da dare. Wato tun azahar sun san in jirgin bai taso da wuri ba zancen ya ƙare, suka bar mu muna gasuwa a kujerun ƙarfe har magariba. Kafin mu isa teburin, yaron ya sulale ta ƙofar baya. Aka manna takarda da adireshin imel, wai mai son kuɗinsa ya rubuta.

Imel ɗin nan na san shi. Tun azumin bara nake bin su kuɗin wata tafiyar da suka soke, na rubuta ya fi sau goma, amsa ɗaya ce ke dawowa, cewa ana duba ƙorafina. An taɓa kai jakata Legas ni ina Abuja, na yi taron kwana biyu da riga ɗaya. An taɓa ce mini na makara alhali saura fiye da awa ɗaya, na tsaya ina kallo aka sayar da kujerata ga wani da ya zo bayana da rakiyar ɗan sanda.

Kuma abin haushin, doka na nan. Ƙa'idojin NCAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a ƙasar nan, sun ce in jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa 2 a ba fasinja abin taɓawa, in ya kai awa 3 yana da damar karɓar kuɗinsa, in dare ya yi ko an rufe fili a ba shi masauki, kuɗin da aka biya ta banki kuma a mayar cikin kwana 14. An rubuta, an buga, ana karantawa a taron manema labarai. Mu dai awa biyar da rabi muka yi ko ruwan leda ba a miƙo mana ba.

Kamfanonin za su ce man jirgi ya yi tsada, kayan gyara da dala ake saye, haraji ya yi yawa. Ban musa ba. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga wajen naira 190 ta kai 700 cikin 'yan watanni, a shekarar ne kuma suka mai da mafi ƙarancin tikiti 50,000 muka yi ta ihu, ba mu san gaba za mu yi kewar farashin ba. Amma a gaya mini, dala nawa ake kashewa kafin yaro ya amsa sallama? Wane kwastan ne ya riƙe kwantenar "yi haƙuri Baba, jirgin bai taso ba"?

Yaron ma ɗan aike ne. Masu laifin na can sama. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, shekara 100 ke nan, amma har yau akwai filayen da faɗuwar rana ke rufe su kamar kasuwar ƙauye. Kowane gwamna sai ya gina filin jirgi don a yanka kintinkiri a sa hotonsa, in ya zo ga fitilun titin jirgi da na'urar da ke jagorantar sauka cikin hazo sai a ce babu kuɗi, don shi nasa jirgin da rana yake zuwa, in ma da dare ne a nemo masa hanya. Mun taɓa mallakar Nigeria Airways, aka cinye shi har ƙashi, ya rufe a 2003. Kabo, Chanchangi, Okada, Albarka, duk sun zama labari. Aka zo aka ce za a haifa mana Nigeria Air, aka je har Ingila a 2018 aka nuna tambari, a ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi Abuja da fentin kore da fari aka yi ta ɗaukar hoto. Daga baya ta bayyana na Ethiopian Airlines ne, ya koma gidansu. Jirgin ƙasan da muka ce ya zama mafita, a ranar 28 ga Maris 2022 aka tare shi tsakanin Abuja da Kaduna, aka kashe na kashewa, aka kwashi sauran, na ƙarshensu sai a Oktoba suka fito. Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2018 ake aikinta. An toshe mana ƙasa, an bar mana ƙofa ɗaya a sama, aka ɗora mai cingam a bakinta.

Mu ma ba mu da dama. Mun fi mutum 70 a zauren nan, da aka ce an soke, me muka yi? Wani dattijo ya ce wata ƙila wani abu Allah ya kare mu daga gare shi, kowa ya ce haka ne, aka ja jaka. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana ka tambayi kuɗinka ba. Wasu kuma tuni sun zagaya gefe suna laluben wanda za su cusa wa dubu biyar ya ajiye musu kujerar gobe. Mutum biyu da na san su a gari, masu baki a gwamnati, da suka ji lokacin da yaron ya yaɓa mini magana, kansu suka sunkuyar a waya, don gobe su ta ɗakin manyan baƙi za su bi.

A mota Hajiya ba ta ce komai ba sai da muka kusa gida, sannan ta ce, "Ai na ji abin da yaron nan ya faɗa maka." Ban amsa ba.

Asibiti sun ce likitan ba shi da gurbi sai nan da mako biyar. Jiya da safe kamfanin ya turo mini saƙo yana godiya da na zaɓe su, har da tambayar ko na ji daɗin tafiyata. Da yamma na sake yankan tikiti biyu, a wajensu, don ba wani da ke zuwa garinmu. Kowanne ya ƙaru da naira 20,000.