"Ka San Ko Ni Ɗan Waye?"

Ranar Asabar ina cikin layin shan mai, rana ta take, sai ga wani yaro da bai wuce shekara ashirin da biyu ba ya kutso da baƙar mota mai duhun gilashi, ya tsallake mu kaf ya tsaya a bakin famfo. Dattijon da ke ba da man ya ce masa, "Yaro, ka bi layi mana." Kafin ya rufe baki yaron ya fito ya doke masa hula ta faɗi ƙasa, yana ta kumfar baki: "Ka san ko ni ɗan waye?" Wallahi har na isa gida jikina bai daina rawa ba.

'Yan uwana matasa, wannan tambayar ta ishe ni. A asibiti ita ce, a shingen jami'an hanya ita ce, a ɗakin jarrabawa ma malami ya kama ka da satar amsa sai ka jefa masa ita. To mun ji, ubanka wani ne. Kai fa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Bari in ba ku labarin wani ɗan gata na gaske. Sunansa Max Aitken, an haife shi a Montreal ta ƙasar Kanada a 1910. Ubansa shi ne Lord Beaverbrook, mai jaridar Daily Express ta Ingila, attajirin da 'yan siyasa ke shakkar alƙalaminsa. A watan Mayun 1940, da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill ya naɗa uban ministan ƙera jiragen yaƙi. Da magana ɗaya zai iya sama wa ɗansa kujera a ofis, nesa da harsashi. Amma a lokacin ɗan yana sama cikin jirgin Hurricane yana artabu da jiragen Jamus, kuma a watan Yunin shekarar aka ba shi shugabancin runduna ta 601 ta sojan saman Birtaniya. Uba na ƙera jirgi, ɗa na shiga ciki ba tare da sanin ko zai sauko da rai ba.

Ita wannan runduna har laƙabi aka yi mata da rundunar masu miliyoyi, don 'ya'yan masu hannu da shuni ne suka cika ta. Suna da motocin tsere, suna da gata fiye da wanda yaron gidan man nan zai taɓa mafarki. Amma da aka buga gangar yaƙi ba su ɓuya a bayan iyayensu ba. Ɗaya daga cikinsu, Billy Fiske, ɗan wani mai banki a Amurka da ya ci zinare sau biyu a wasannin Olympics na hunturu, ya mutu a watan Agustan 1940 sakamakon ƙunar da ya samu a jirginsa. Ƙasarsa ma ba ta shiga yaƙin ba tukuna. Ku kuwa layin mai na minti arba'in ya gagare ku.

Aitken bai tsaya nan ba. Ya jagoranci runduna ta 68 mai farautar jiragen abokan gaba da daddare, ya yi aiki a Gabas ta Tsakiya, sannan a 1944 ya koma Banff a Scotland yana jagorantar jiragen Mosquito masu kai hari kan jiragen ruwan Jamus a gaɓar Norway. Abin da ya fi tsaya mini a rai sai a 1964. Uban ya rasu, sarautar Lord ta faɗo kansa ta gado, cikin kwana uku ya ajiye ta, ya ce muddin yana raye Lord Beaverbrook ɗaya ne. Mutum ya ƙi ɗaukar sunan da doka ta ba shi, kai kuma kana yawo da sunan ubanka kamar katin cirar kuɗi, kana zagin sa'annin kakanka da shi. Wasunku ma har a Facebook da TikTok sai sun liƙa muƙamin uban a gaban sunansu, ga hoton damin kuɗin da ko kwabo ba su nema ba. Wannan wata cuta ce daban, sai wata rana.

Kada wani ya ce na mai da Bature waliyyi. Ubansa ɗan gani-kashe-nin daular da ta mulke mu ne, shi kansa kuma da ya gaji jaridun bai iya riƙe su kamar uban ba. Kasuwarsu ta yi ta ja da baya har aka sayar da kamfanin a 1977, ya rasu a 1985. Jarumin sama bai zama gwanin kasuwa ba. To in wanda ya yi wannan gumin gado ya yi masa nauyi, ina ga wanda ko shagon uban bai taɓa kwana yana lissafi ba?

Kuma ba sai mun je Ingila ba. A wancan yaƙin kakanninmu sun je ƙasar Bama (Burma), jiragen yaƙin da aka harhaɗa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yanzu kuwa ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar. A da, ɗan babban gida shi ya fi kowa kunya. Shi ke fara durƙusawa ya gai da dattijo, don ya san duk abin da ya yi gidansu za a zaga. Attajiri kan tura ɗansa kasuwa ya yi yaron shago a hannun wani, malami kan kai nasa ɗan wani gari ya sha wuyar karatu. Yanzu uwa ce ke cewa kada a taɓa mata yaro, uba kuma ya bugo waya a saki ɗansa. Iyaye, da hannunku a ciki, ku gyara.

Shi dai dattijon nan ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya karkaɗe ƙurar, ya zuba wa yaron mai. Mu kusan talatin ne a layin, har da ni, kuma babu wanda ya ce uffan.